Naman gwangwani na corned beef a kaskon gida: ya cancanci kuɗinsa?

Gwangwanin naman shanu mai nauyin giram 340, wanda ake rubuta corned beef a jikinsa, abu ne da mutum zai iya raina shi nan take idan ya buɗe ya ɗanɗana da sanyinsa. Gishirinsa ya yi yawa, kitse ya daskare fari fat a gefe-gefensa, kuma naman ya yi laushin da haƙori ba ya samun abin tauna. Sai dai ba don a ci shi haka ya kamata a saye shi ba. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne idan aka soya shi da dankalin Turawa da albasa, wato abincin da Amurkawa da mutanen Burtaniya suke kira hash, kuma a kan wannan aikin kaɗai nake auna shi.

Ya kamata mai saye ya san cewa nama iri biyu ne suke amsa wannan suna. A Amurka, ana jiƙa naman ƙirjin shanu a ruwan gishiri da kayan ƙamshi na tsawon kwanaki, a dafa shi da kabeji da dankali, musamman a bikin ranar 17 ga Maris da 'yan asalin Ailan suke yi, washegari kuma a yayyanka abin da ya rage a soya don karin kumallo. Na gwangwani kuwa niƙaƙƙen nama ne da aka dafa aka danne, kuma tarihinsa yana Kudancin Amurka: masana'antar garin Fray Bentos da ke Urugwai ta fara zuba shi a gwangwani a 1873, sojojin Burtaniya sun rayu a kansa a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, har UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wannan masana'anta cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. A yau Birazil ce kan gaba wajen yin sa. Shi ne wanda ake samu a manyan shagunan Najeriya da Gana, inda sunan Exeter ya fi shahara, don haka hash ɗin da za a yi da shi ya fi kusa da na gidajen Burtaniya fiye da na wuraren cin abincin Amurka.

Siffar gwangwanin, mai faɗi a gefe ɗaya da tsukewa a ɗaya gefen, dabara ce da aka fito da ita a Shikago a shekarun 1870 domin naman ya zamo waje a dunƙule idan aka buɗe ɓangaren da ya fi faɗi. Dabarar tana aiki har yanzu, amma ɗan makullin da ake naɗe zaren ƙarfen jikin gwangwanin da shi don a buɗe shi yana buƙatar haƙuri, domin idan aka yi gaggawa zaren yana iya tsinkewa a tsakiya, kuma bakin ƙarfen yana da kaifin da zai yanki yatsa. A duba cewa makullin yana manne kafin a biya kuɗi. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a wurin haɗinsa, a bar shi a kan kanta ko da an rage masa farashi.

Babbar matsalar wannan nama a kasko ita ce narkewa. Da zarar ya ji zafi sai kitsen da ya riƙe shi ya saki, ya wargaje ya zama kamar dambun nama mai laima, kuma idan aka ci gaba da juya shi da dankalin da bai bushe ba, abin da za a sauke shi ne dunƙulen abinci mai launin hoda wanda ba shi da daɗin kallo. Duk abin da mai girki zai yi, ƙoƙari ne na hana faruwar hakan. Matakin farko shi ne a saka gwangwanin a firiji na awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe, domin naman ya ƙame a iya yanka shi gutsi-gutsi da wuƙa. Gwangwani ɗaya yana ɗaukar dankali kimanin rabin kilo, ko fiye da haka kaɗan, da babbar albasa guda, kuma hakan yana isar mutum huɗu idan za a haɗa da ƙwai. Dankalin Filato da ake samu a kasuwanninmu ya dace da wannan aiki, domin ba ya saurin fashewa. A fere shi, a yanka ƙanana daidai da juna, a tafasa na minti biyar zuwa shida kawai, yadda wuƙa za ta shige shi amma bai nuna sarai ba, sannan a tsiyaye ruwan a baza shi a faranti har tururin ya gama fita. Wannan bushewar ita ce mutane suka fi tsallakewa, alhali ita ce take raba soyayyen dankali da dafaffe.

Kasko mai kauri da faɗi ake so, na baƙin ƙarfe idan akwai. A zuba man gyada cokali biyu, a soya dankalin shi kaɗai har ya fara ja, a ƙara albasa, da attaruhu ga mai son yaji, sai sun yi laushi. Naman shi ne na ƙarshe, tunda dafaffe ne tun daga masana'anta, zafi kawai yake nema. A juya sau ɗaya domin ya ratsa dankalin, a danne komai da bayan cokali ya kwanta a kaskon, sannan a janye hannu. Minti biyar a wuta matsakaiciya ba tare da an taɓa ba, sai a kankaro ƙasan a kifa shi sama, a sake dannewa a sake jira. A nan ne wannan nama yake nuna amfaninsa, domin kitsen da ya sa ba ya ciyuwa da sanyi shi ne yake soya ƙasan abincin ya yi ƙanzo mai ƙamas-ƙamas, kuma laushin da na kushe shi da shi shi ne yake sa ya manne wa kowane yankan dankali. Naman da aka sayo daga mahauta aka niƙa ba ya yin wannan, ko da an zuba masa kayan ƙamshi iri-iri.

Kada a saka gishiri, kada kuma a saka dunƙulen magi, sai an ɗanɗana a ƙarshe. Irin wannan nama yana ɗauke da gishiri kusan giram 2 a kowane giram 100, ke nan gwangwani guda ya haura giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a yini. Dankalin ne yake shanye wannan gishiri ya daidaita shi, shi ya sa ƙara yawan dankali ya fi rage shi alheri. Masoro yana yi masa kyau ƙwarai. Tumatir kuwa ba na ba da shawararsa, domin ruwansa yana kashe ƙanzon, kodayake a Gana ana yin miyar tumatir mai daɗi da wannan nama, amma wannan wani girki ne daban. Idan ana son ƙwai, a buɗa 'yan ramuka a saman abincin a fasa a ciki, a rufe kaskon na minti uku zuwa huɗu, gwaiduwar da ba ta daskare ba tana rage kaifin gishirin.

Ga Musulmi, tambayar yanka tana gaban komai. Birazil tana cikin manyan masu fitar da naman halal zuwa ƙasashen waje, amma ba kowane gwangwani ne yake ɗauke da tambarin halal ba, har a cikin kayan kamfani ɗaya, don haka jikin gwangwanin da ke hannu za a karanta, tare da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Launinsa na hoda daga sinadarin sodiyam naitirait yake, wanda ake sawa domin adana nama, kuma a 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke haddasa cutar, musamman ta hanji. Wannan bai hana cin sa jefi-jefi ba, amma bai dace ya zama karin kumallon kullum ba, balle ga mai hawan jini.

Ta fuskar kuɗi, kaya ne da ake shigo da shi daga waje, farashinsa yana bin dala, kuma ɗanyen nama mai nauyinsa ya fi shi araha a wurin mahauci. Wanda yake neman nama don ya ƙoshi da nama zai ga kamar an cuce shi. Abin da ake biya shi ne sauƙi: yana shekaru a ajiye ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma cikin rabin awa abinci ya sauka. Gida mai mutum biyu gara ya sayi ƙaramin gwangwani, domin da zarar an buɗe dole a juye ragowar a wani mazubi mai murfi, a saka a firiji, a cinye cikin kwana biyu zuwa uku. Hash ɗin da ya kwana kuwa a kasko ake ɗumama shi da ɗan mai, domin idan aka turara shi ƙanzon yana jiƙewa.