Daga Korfu zuwa Krakow: sa'o'i biyu a sama, huɗu a zaune a ƙasa

A hutun ƙarshen zango na bi wani kamfanin jiragen sama mai arahar tikiti daga Krakow, inda nake karatu a ƙasar Poland, zuwa tsibirin Korfu na ƙasar Girka, kuma game da tafiyar zuwa ba ni da abin faɗa sai yabo. Wuraren biyu kusan a kan layi ɗaya suke, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, tsakaninsu bai cika kilomita 1,200 ba, saboda haka cikin kimanin sa'o'i biyu muka isa. Titin saukar jirgi na Korfu a bakin ruwa yake, har na hango ɗan cocin Vlacherna fari fat ta taga, kamar in miƙa hannu in taɓa shi. A lokacin na ce a raina wannan kamfani ya samu abokin ciniki na dindindin.

Ranar dawowa ce ta ɓata komai. Jirgin da ya kamata ya tashi da daddare bai iso ba, aka bar mu cikin ɗan ƙaramin zauren jira wanda ya cika maƙil, mata da yara suna zaune a kan jakunkunansu, allon sanarwa kuma yana ta ƙara mana rabin sa'a bayan rabin sa'a, babu ma'aikacin da ya fito ya ce mana uffan. Bayan sa'o'i biyu aka raba mana takardar karɓar abinci, wadda ba ta sayi komai ba sai gorar ruwa da burodin da aka cusa wa naman alade, na miƙa wa wani dattijo ɗan Poland da ke kusa da ni, na haƙura da ruwan. Mun sauka a filin jirgin Balice na Krakow da jinkirin sa'o'i huɗu, jirgin ƙasan shiga gari ya riga ya daina aiki, dole na ɗauki tasi da kuɗin da ban shirya kashewa ba.

Wani abokina da aka taɓa yi wa irin wannan daga Heraklion na tsibirin Kirit ya karɓi Yuro 400, shi ya sa na nemi diyya ina sa ran samun haka. Ashe dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 da nisan tafiya take lissafi: jinkirin da ya kai sa'o'i uku a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba Yuro 250 ne, shi kuwa Heraklion ya kai wajen kilomita 1,700 daga Krakow. Wannan ban ga laifin kowa a ciki ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda kamfanin ya yi ta ja mini rai, sau biyu yana turo mini takardar rangwamen tikiti a maimakon kuɗi, alhali doka ba ta tilasta mini karɓarta ba. Sai a wata na uku, bayan na rubuta musu cewa zan kai ƙara gaban hukumar da ke kare haƙƙin fasinjoji, kuɗin suka shigo asusuna, kuma har yau ba su mayar mini da kuɗin tasin ba.