Furta kalmomin Irish: hadda ko koyon ƙa'ida?

Mai jin Turanci idan ya ci karo da sunan Irish, harshen asali na ƙasar Ireland, irin Siobhán ko Niamh, harshensa kan sarƙe. Baƙaƙen da ya saba da su ne, amma aikinsu daban. Hanya biyu ce a gabansa.

Ta farko hadda ce, kalma ɗaya-ɗaya: Siobhán a ce "Shivon", Niamh "Niv", Taoiseach, wato firaministan Ireland, "Tishak". Mai ziyarar mako guda a Dublin wannan ta ishe shi. Matsalarta, da ya ga sabon suna a allon titi, ya koma gidan jiya.

Ta biyu ita ce koyon ƙa'idar rubutun, kuma a ganina ta fi riba nesa ba kusa ba. Kowane baƙi yana da furuci iri biyu, gwargwadon wasalin da ke maƙwabtaka da shi. Idan "s" ta raɓi "e" ko "i" sai ta zama "sh", shi ya sa Seán ya zama "Shon". "Bh" da "mh" kuwa "v" ne ko "w". Ɗan karan nan da ake ɗora wa wasali, wanda ake kira "fada" da Irish, jan sauti yake yi. Wasu wasulan ma ba a furta su, suna nan ne kawai don nuna yadda baƙin zai fita.

Sai dai ƙa'ida ba ta raba gardamar karin harshe: yankunan Munster, Connacht da Ulster kowa da nasa. Nan dole a haɗa da kunne, a saurari tashar rediyon harshen Irish, Raidió na Gaeltachta, wadda ke watsa shiri tun 1972, ko tashar talabijin ta TG4.