Littattafai Biyu Na Stephen Sondheim: Me Marubucin Waƙar Wasan Kwaikwayo Zai Samu A Cikinsu?

Stephen Sondheim, wanda aka haifa a New York a 1930 ya rasu a 2021, ya tattara baitocin waƙoƙin da ya rubuta wa dandamali da fim cikin manyan littattafai biyu da kamfanin Knopf ya buga. Na farkon, Finishing the Hat, ya fito a 2010, ya ɗauko aikinsa daga 1954 zuwa 1981. Na biyun, Look, I Made a Hat, ya biyo baya a 2011, ya ci gaba daga inda na farko ya tsaya. Ba tarihin rayuwa ba ne. Wanda ya saye su don jin labarin gidan mutumin zai tashi hannu rabbana. Abin da ke ciki shi ne baitoci, wasa bayan wasa, da bayanin dalilin da ya sa aka rubuta kowace waƙa, da dalilin da ya sa aka jefar da wasu.

Kowanne ya haura shafi 400, ga faɗi ga nauyi, sai dai a ɗora a tebur. An jera rubutun layi-layi a tsaye da ƙananan haruffa, bayanan gefe kuma sun fi ƙanƙanta, mai raunin ido zai sha wahala. Akwai hotunan takardun da ya yi zayyana a kansu da fensir, da kalmomin da ya soke da jerin amsa-amon da ya tara a gefen shafi, kuma waɗannan suna cikin abin da ya fi amfani. Babban giɓin shi ne babu rubutun kiɗa ko ɗaya. Mutumin da ya tsara kiɗan yawancin wasanninsa da kansa ya ba mu rabin aikin ne kawai.

Darasin da yake ta komawa kansa shi ne cewa waƙar dandamali daban take da waƙar da ake karantawa a takarda. Mai karatu yana iya tsayawa ya koma ɗangon baya. Mai kallo kuwa sau ɗaya zai ji, da saurin da kiɗa ya ɗora masa, idonsa kuma yana kan kaya da fitilu da motsin 'yan wasa. Saboda haka dole baiti ya zama sassauƙa, a bar wa kiɗa gurbin da zai cike. Ƙa'idodinsa uku ne: abin da za a faɗa shi ke zaɓen siffar waƙa, kaɗan ya fi yawa, kuma aikin yana cikin ƙananan abubuwa, duk don a fahimci magana sarai.

Inda littafin farko ya biya kuɗinsa shi ne waƙoƙin da aka cire. Wasan barkwancin nan na 1962, A Funny Thing Happened on the Way to the Forum, ya yi ta faɗuwa lokacin da ake gwada shi a wajen New York, mutane ba sa dariya. Da aka kira darakta kuma mai tsara rawa Jerome Robbins ya duba, sai ya ce matsalar tana waƙar buɗewa: waƙa ce mai taushi ta soyayya, ta sa masu kallo suna jiran wani irin wasa, sai aka kawo musu guje-guje da shirme. Sondheim ya rubuta sabuwa wadda ta faɗa wa jama'a ƙarara cewa daren na dariya ne, wasan ya miƙe. Littafin ya ajiye tsohuwar da sabuwar kusa da juna, mai karatu ya gani da idonsa cewa waƙar da aka cire ba ta da aibi a kanta, gurbinta ne ba nan ba. Haka ma Company na 1970, inda sai da aka yi ta sauya waƙar rufewa, har da wadda aka cire a Boston don ta yi ɗaci da yawa, kafin a dace da wadda ta zauna. Ita kuwa waƙar Send in the Clowns, ta cikin wasan A Little Night Music na 1973, an yanka ta gajerun jimloli masu yawan tambaya ne saboda 'yar wasan da za ta rera ta, Glynis Johns, ba ta iya jan murya da tsawo. Raunin muryar 'yar wasa ne ya tsara waƙar da ta fi kowace tasa shahara.

A kan amsa-amo ba ya sassauci. Cikakke yake so, wanda sautin ƙarshe ya yi daidai ƙwarai, domin shi ke taimakon kunne ya kama kalma a cikin hayaniyar kiɗa, kuma shi ke sa barkwanci ya faɗa inda aka nufa. Amma ya gargaɗi cewa yawan amsa-amo alama ce ta ilimi da wayo, don haka bai dace da bakin kowa ba. Misalin da ya bayar nasa ne: a West Side Story na 1957, wanda Leonard Bernstein ya yi wa kiɗa, ya sa wa Maria, yarinyar da ba ta daɗe da zuwa daga Puerto Rico ba, baitoci masu ƙwalisa da ba za su fito daga bakinta ba. Ya so ya gyara, abokan aikinsa suka ƙi.

Ya kuma auna magabatansa, amma matattu kaɗai. Lorenz Hart ya sha suka kan sakaci da murɗe lafazin kalma don ta shiga kari, Noël Coward ma bai tsira ba, har Oscar Hammerstein da ya rene shi a wannan sana'a ya samu rabonsa. Waɗannan shafuka suna koyar da kunne sosai, sai dai ma'auninsa ɗaya ne tak, na waƙar da ke ɗauke da hali da labari. Waƙar da aka yi don daɗin ji kawai ba ta samun adalci a hannunsa, kuma mai koyo ya sani cewa akwai waƙoƙin da suka karya dokokinsa suka rayu.

Kayan aikinsa ma ya lissafa: fensir mai laushi samfurin Blackwing, takarda rawaya mai layi, ƙamus na amsa-amo na Clement Wood, da ƙamus na kalmomi masu ma'ana ɗaya. Ba ya fara waƙa sai marubucin wasan ya rubuta fitowar, don ya ji yadda mutumin ke magana ya ari bakinsa.

Littafi na biyu bai kai na farko tsari ba. Ya fara da ƙarfi da ayyukansa tare da marubucin wasa kuma darakta James Lapine, wato Sunday in the Park with George na 1984, wanda ya ci kyautar Pulitzer, da Into the Woods na 1987. Daga nan ya kashe shafuka masu ɗimbin yawa kan wasa guda da aka yi ta sake wa fasali da suna daga 1999 har ya zama Road Show a 2008. Ƙwararre zai ji daɗin bin sauye-sauyen, mai farawa zai gaji. Ɓangaren fim yana nan, har da waƙoƙin Dick Tracy na 1990 waɗanda ɗaya daga cikinsu ta kawo masa kyautar Oscar, amma bayanin yadda ake daidaita waƙa da kyamara da yankan hoto bai taka kara ya karya ba. Mai neman wannan fanni zai buƙaci wani littafin.

Hanyar da ta fi amfani ita ce a ɗauki wasa ɗaya, a karanta taƙaitaccen labarinsa, a saurari faifan 'yan wasan farko littafi na buɗe, sannan a koma ga waƙoƙin da aka cire a gwada gano laifinsu kafin a karanta nasa bayanin. Ana buƙatar Turanci mai ƙwari, domin jimlolinsa dogaye ne kuma wasan kalmomi ya yi yawa. Wanda kuɗinsa na ɗaya ne ya ɗauki na farko, nan ne ƙa'idodin suke da babin amsa-amo, kuma ya ƙare da Merrily We Roll Along na 1981, wasan da aka rufe bayan nuni 16, inda ya yi bayanin yadda labari mai tafiya da baya ya rikita masu kallo.