Saƙo daga Douarnenez: a nan shanya ma sai da kuɗi

Salamu alaikum Yaya. Ina gaishe ka da iyali, da su Inna da duk mutanen gida. Ka tambaye ni ko damina ta faɗi a wajenmu. Yaya, nan ba a jiran damina. Douarnenez ƙaramin gari ne na masunta a yankin Bretagne, can ƙarshen yammacin Faransa a bakin tekun Atilantika, mutanensa wajen 14,000, kuma ruwa yana iya sauka a kowane wata. Abin da yankin ke samu a shekara ya haura milimita 1,000, alhali mu a Damagaram wajen 400 ne, daga Yuni zuwa Satumba. Sai dai ba irin namu ba ne mai haɗa hadari daga gabas, ya taso da ƙura, ya zuba ya wuce. Yawanci yayyafi ne siriri, iska na kaɗa shi ta gefe. Ka fita aiki da shi, ka dawo ka tarar da shi, gobe ma haka.

Lema ba ta da amfani sosai, iskar teku ke juya ta. Abin da ke aiki shi ne rigar ruwa irin ta masunta, ruwan ɗorawa, mai kaurin gaske. Wani kamfani na wajen Concarneau, Guy Cotten, tun 1964 yake yin ta. Ba ɗinkin zare kaɗai suke mata ba, narkar da robar suke su manne bakin, shi ya sa ko ta kafaɗa ruwa ba ya ratsawa. Mai kyau takan kai yuro 100, kusan jika 66 ke nan a kuɗinmu. Da tsada, amma abokan aikina a gidan sa kifi cikin gwangwani suna da waɗanda suka shekara da shekaru ba su yage ba. Ta ledar nan da 'yan kabu-kabu ke saye a kasuwar Dole ba za ta yi mako ba a nan.

Ruwan pampo kuwa, sai godiya. Dare da rana yana zuwa, har bene na uku, kuma ana sha kai tsaye. Lita 1,000 tana kamawa yuro huɗu da ɗoriya, wato jarkar lita 25 ba ta kai sefa 100 ba. Kai ka san abin da ɗan ga-ruwa ke karɓa a Garin Malam cikin watan Afrilu, ka yi lissafin da kanka. Hanyoyi ma duk da magudanar ruwa a ƙarƙashinsu, ko kwana aka yi ana ruwa da safe ba za ka ga tabki a kan kwalta ba.

Inda suke cin kuɗinmu shi ne wajen bushewa. Na wanke riga na rataye a ɗaki, kwana biyu tana nan da laima, har ta fara wari. Dole ka ɗauki kayanka zuwa gidan injin wanki, ka zuba tsabar kuɗi a injin busarwa, wajen yuro ɗaya kowane minti goma, kuma wandon jin ba ya bushewa a zagaye guda. Kana zaune kana kallon kaya na juyawa ta gilashi, kana tuna igiyar tsakar gidanmu inda Inna ke shanya bayan azahar ta kwashe kafin la'asar. Bangon ɗaki ma gumi yake. Bayan kabad baƙar fumfuna ta fito, takalmin fatar da na zo da shi daga gida ya yi fari-fari. Mai gidan ya ce in riƙa buɗe taga kullum, in kuma kunna abin ɗumama ɗaki. To ka buɗe taga, ka kunna wuta, takardar kuɗin wutar wa za a kai wa? Ƙarshe na sayi ɗan injin da ke tsotse danshi, kowace safiya ina zubar da ruwan da ya tara daga iskar ɗakin kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne gargaɗi. Hukumar yanayi, Météo-France, tana da launi huɗu: kore, ruwan ɗorawa, ruwan goro da ja. A daren 1 zuwa 2 ga Nuwamba 2023 guguwar Ciaran ta zo, an sa ja tun kafin ta iso, aka ce kowa ya zauna gida. A Pointe du Raz, nan kusa da mu, iska ta kai kilomita 207 a awa, gidaje sama da miliyan ɗaya suka rasa wuta a ƙasar. Rufi ya yaye, itatuwa sun faɗi, amma da yake doka ta tilasta wa ɗan haya yin inshorar gida, mutane takardu suka cika, ba bara suka fita ba. Da na ga hoton tsohon masallacin Birni da ruwa ya rushe a Satumba 2024, wannan na tuna. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin ruwan fari, don Allah a duba soron Inna tun yanzu, zan aiko da kuɗin magina ƙarshen wata.

Idan an sami mai zuwa, a haɗo mini garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, a ɗaure su cikin leda biyu-biyu, in ba haka ba mako guda sun dunƙule. Kada a sa kilishi, doka ta hana shigo da nama cikin kaya, a filin jirgi za a karɓe. A gaida yara, a ce wa Inna ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka.