Sapporo, Yokote ko Nozawa: Wane Bikin Hunturun Japan Ya Cancanci Kuɗinka, Kuma Ina Za Ka Kwana?

Wanda ya tara kuɗin tikiti daga Kano ko Yamai har zuwa Japan a tsakiyar hunturu, abu na farko da zai fahimta shi ne bukukuwan dusar ƙanƙara ba wuri ɗaya suke ba, ba kuma rana ɗaya ake yin su ba. Wani a tsibirin Hokkaido can arewa, wani a lardin Akita, wani cikin duwatsun Nagano. Mai kwana goma a hannu in ya ce sai ya ga duka, rabin kwanakinsa a cikin jirgin ƙasa za su ƙare. Shawarata ita ce a zaɓi biki ɗaya a gina tafiyar a kansa, sannan a natsu wajen zaɓen masauki, domin a masauki ne kuɗi ke tafiya, a nan ne kuma maganar abinci da wanka ke tasowa ga Musulmi.

Bikin Sapporo, babban birnin Hokkaido, shi ne babba. An fara shi a 1950, lokacin da ɗaliban makarantu suka gina siffofi shida na dusar ƙanƙara a lambun Odori. Daga 1955 sojojin ƙasar suka shiga aikin, siffofin suka koma manya kamar gidajen bene, kuma bayan gasar Olamfik ta hunturu da birnin ya karɓa a 1972 sai sunan bikin ya zaga duniya. Yau ana yin sa kusan mako guda a farkon Fabrairu, mutane wajen miliyan biyu ke halarta. Lambun Odori ya kai tsawon kilomita ɗaya da rabi, kallo kyauta ne, da dare kuma ana haska siffofin da fitilu. A unguwar Susukino ake jera waɗanda aka sassaƙa daga ƙanƙara mai tauri kamar gilashi, sai filin Tsudome inda yara ke sulu.

Abin da ya sa nake fifita Sapporo ga mai zuwa karon farko ba girman siffofin ba ne. Birni ne sosai. Akwai hanyar tafiya ta ƙarƙashin ƙasa daga babbar tashar jirgi har Odori da Susukino, in sanyi ya ci ƙarfinka sai ka sauka ka ji ɗumi. Akwai masallaci, akwai gidajen abinci na halal. Illarsa biyu ce: cunkoso da tsadar ɗaki. Otal yana ninka farashi a makon bikin, wanda bai kama ɗaki tun watanni kafin lokacin ba zai sha wuya. In sabuwar shekarar China ta faɗo kusa da kwanakin, abin ya ƙara tsanani.

Ribar da Sapporo ke haɗowa da ita ita ce Otaru, garin bakin teku da bai kai tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Tun 1999 suke yin nasu bikin a Fabrairu, na kyandirori cikin ƙananan ramukan dusar ƙanƙara a gefen mashigin ruwa da kan tsohon layin dogo na Temiya. Sau da yawa kwanakinsa na haɗuwa da na Sapporo ko su biyo bayansu kaɗan, sai a duba na shekarar. Ka je da yamma, ka dawo ka kwana a ɗakinka.

Yokote wani abu ne daban. Ƙaramin gari ne a Akita, bikinsa na tsakiyar Fabrairu ya haura shekara 400. Suna gina ɗakuna na dusar ƙanƙara masu kama da bukka, sunansu kamakura, yara su zauna ciki suna kiran masu wucewa su shigo, su ba su gasasshen mochi, wato wani ƙulli na shinkafa mai danƙo, da abin sha mai ɗumi da ake kira amazake. Wanda yake son ya ga mutanen Japan cikin al'adarsu, ba cikin taron 'yan yawon buɗe ido ba, nan ya fi masa. Amma a san abu biyu tun daga gida. A cikin kowace kamakura akwai wurin da aka keɓe wa abin bautarsu na ruwa, asalin bikin ke nan. Shi kuma amazake kala biyu ne: wanda aka yi da shinkafa zalla ba shi da giya, wanda aka yi da tukar giyar sake yana iya ɗaukar kaɗan. Ka tambaya, ko ka yi godiya ka wuce, ba mai jin haushi. Masauki a garin kaɗan ne ƙwarai, da yawa sukan kwana a wani gari su shigo da jirgi.

Na Nozawa Onsen a Nagano bikin wuta ne, ranar 15 ga Janairu. Maza 'yan shekara 25 da 42 ke kare wani dogon gini na itace yayin da mutanen ƙauye ke kawo masa hari da bakin wuta, har a ƙarshe a ƙone shi. Abin kallo ne na gaske, sai dai giya na yawo a wurin sosai, ga turereniya cikin dare. Ba zan kai iyali ba. Shirakawa-go kuwa, ƙauyen gidaje masu tsinin rufin ciyawa da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1995, haska shi da ake yi cikin 'yan darare kaɗan na Janairu da Fabrairu sai da rijista tun da wuri. In ba ka samu ba, je ka da rana, kyansa na nan.

Yanzu maganar kwana, wadda ita ce ta fi ɗaure wa baƙo kai.

Ryokan shi ne masaukin gargajiya. Za ka cire takalmi a bakin ƙofa, ɗakin shimfiɗe yake da tabarmar tatami, a ba ka rigar yukata, da dare ma'aikata su shimfiɗa maka katifar futon a ƙasa. Ka lura da lissafin: kuɗin na kowane mutum ne, ba na ɗaki ba, kuma yawanci ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Matsakaicin ryokan yakan kama daga yen (kuɗin Japan) 15,000 zuwa 30,000 ga mutum ɗaya a dare, don haka miji da mata sai su ninka. Ana ɗora wani ɗan harajin wanka a garuruwan ruwan zafi, galibi yen 150. Abincin dare, wanda suke kira kaiseki, ƙananan kwanuka ne masu yawa da ake kawowa bi da bi, kuma lokacinsa a ƙayyade yake, wajen ƙarfe shida ko bakwai. Wannan ya sa ryokan bai dace da daren biki ba: lokacin da ake kunna fitilu a waje shi ne lokacin da ake jiran ka a teburi. Ka biya kuɗin abu biyu, ɗaya kawai za ka mora.

Sai abincin kansa. Cewa "ba na cin naman alade" bai wadatar ba, domin girkin Japan yana amfani da mirin da sake, dukansu giyar shinkafa, a cikin miya da romo da abin tsoma kifi. Ryokan na tsara girkinsa tun kafin ka iso, ba za su iya canjawa a teburi ba. Ka rubuta musu kafin ka biya, ka faɗi abin da ba ka ci dalla-dalla: alade, naman da ba a yanka ba, mirin, sake. Wasu za su amsa cewa za su iya, wasu su ce ba za su iya ba, kuma gaskiyarsu suka faɗa. In ba za su iya ba, nemi tsarin kwana kawai ba abinci, akwai shi a wurare da dama.

Wanka shi ne abu na biyu. Ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, onsen, shi ne ran ryokan. Wanda ya san Wikki a Yankari kada ya auna da shi, na Japan yakan kai digiri 40 zuwa sama, kuma sai ka wanke jikinka tas kafin ka shiga. Maza daban, mata daban, amma kowa tsirara yake shiga, ba a yarda da gajeren wando ko ɗaura tawul cikin ruwa ba. Ga mafi yawanmu wannan ba abin yi ba ne. Mafita biyu ce. Ko ka kama ɗaki mai nasa wurin wanka, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, ko ka nemi ryokan mai kashikiri, wato wurin wanka da ake kulle wa mutum ɗaya ko iyali na kusan minti 45 zuwa awa ɗaya, wani wuri kyauta, wani da ɗan ƙarin kuɗi. Ni na biyun nake ba da shawara. In ba ka ga kalmar kashikiri a bayanin masaukin ba, tambaya kafin kuɗi su fita.

Minshuku shi ne ƙanen ryokan: gidan iyali ne, girkin gida, kai za ka shimfiɗa katifarka, banɗaki da wurin wanka na tarayya. Ya fi arha, kuma a Shirakawa-go shi ne hanyar kwana cikin ainihin tsoffin gidajen. Sai dai tsoffin gidajen katako suna da sanyi, kuma ba lallai ka samu mai jin Turanci ba. Otal na zamani irin na 'yan kasuwa kuma ɗakinsa ƙarami ne, amma akwai ɗumi, akwai banɗakinka, ba dokar lokacin abinci. A daren biki shi ne ya fi.

Ga yadda zan tsara in ni ne: kwana uku ko huɗu a otal a Sapporo, yamma ɗaya a Otaru, sannan dare ɗaya tak a ryokan mai kashikiri a Jozankei, wajen awa ɗaya a bas daga birnin, ko a Noboribetsu, dukansu garuruwan ruwan zafi ne. Daga Tokyo jirgin sama ya fi, kusan awa ɗaya da rabi zuwa New Chitose, filin jirgin saman Sapporo. Jirgin Shinkansen mai gudu bai kai Sapporo ba tukuna, a Shin-Hakodate-Hokuto yake tsayawa, sai a canja jirgi a ƙara fiye da awa uku. Katin JR na mako guda, wanda baƙi ke saya su yi ta hawa jiragen ƙasa na kamfanin JR, ya koma yen 50,000 a Oktoban 2023, ga wannan tsari ba zai mayar da kuɗinsa ba. Ka bar rana ɗaya tsakanin dawowarka Tokyo da jirginka na gida, domin dusar ƙanƙara na soke tashin jirage a Hokkaido.

Ka kauce wa 29 ga Disamba zuwa 3 ga Janairu, hutun sabuwar shekara ne, wurare da yawa a rufe, masauki kuma da tsada. Ka duba kalandar azumi ma, tunda a shekarun nan watan Ramadan yana faɗowa kusa da lokacin bukukuwan. Rigar sanyin hunturunmu ba za ta yi komai ba a garin da ake wuni ƙasa da sifiri. Takalmi mai riƙe ƙasa shi ne farko, saboda santsi ya fi sanyin illa, sai safar hannu da hula mai rufe kunne. Su kuma ƙananan jakunkunan ɗumi da ake kira kairo, kada ka neme su daga gida, kowane shagon kan hanya a Sapporo yana sayar da su.