Ajin Python da na shiga a Pantami

Sati shida na yi ina zuwa wani ajin koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a unguwar Pantami da ke garin Gombe, Asabar da Lahadi. Kunyar da na sha a shagon takin kawuna ce ta kai ni. Na haɗa masa 'yar manhajar rubuta masu bashi, na jera ƙananan hukumomin Gombe a cikin Enum, wato jerin sunaye da kowane ke da lambarsa, na bar auto(), umarnin da ke ba da lamba da kansa, ya raba musu lamba: Akko 1, Balanga 2, Dukku 3. Ashe na tsallake Billiri. Da na tuna, sai na cusa ta bayan Balanga don jerin ya bi haruffa. Washegari Kawu ya kira ni: "Kai yaro, yaushe na fara ba mutanen Billiri bashi?" Masu bashin Dukku duk sun koma Billiri, na Funakaye sun koma Dukku.

Malamin ajin bai ko taɓa kwamfutata ba. Alli ya ɗauka, ya nuna mini cewa auto() bin tsarin rubutu yake yi daga sama zuwa ƙasa, alhali lambobin da na riga na adana suna nan yadda suke. Ya ce in rubuta lambar kowace da hannuna, sabuwa kuma ta ɗauki lambar da ba a taɓa ba wa kowa ba. Sannan ya sa muka ba YAMALTU da DEBA lamba 11 su biyu, muka zagaya jerin. YAMALTU kaɗai ta fito, don wadda aka fara rubutawa ita ce mai suna, ta biyun laƙabi ce kawai. Wannan darasin kaɗai ya fanshe kuɗin da na biya.

Ya kuma ja mana kunne kan dict, ma'ajiyar Python da ke haɗa kowane suna da bayaninsa: sai daga Python 3.7, a 2018, aka yi alkawarin zai riƙe tsarin da aka zuba masa abubuwa.

Inda suka gaza, wuta. Sau biyu janareta ya mutu muna tsakiyar aiki, fanka ta tsaya, ga zafin Gombe. Kwamfutocin ma ba su isa ba, mutum biyu kan ɗaya. Kuma Malam yana da sauri. Wanda bai taɓa rubuta ko layi ɗaya ba zai sha wuya a satin farko. In za ka je, tafi da kwamfutarka cike da caji.

Kawu dai har yau bai yar da littafinsa na bashi ba.