Abin da na gani a ofishin ɗan majalisar jiharmu da wajen gidauniyar tazarcensa

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, kuma wannan muƙami, wanda babu ko sisi a cikinsa sai yawan zirga-zirga, shi ya mayar da ni baƙon kullum a ofishin mazaɓa na ɗan majalisar dokokin jiha mai wakiltarmu tun daga daminar 2021. An fara zaɓensa a 2019, ya yi tazarce a zaɓen ranar 18 ga Maris 2023, yanzu kuma magoya bayansa sun fara kewayawa da zancen gidauniyar zango na uku. Tunda za a sake miƙo mana ƙoƙo, na ga ya dace in auna ofishin nan kamar yadda mutum yake auna shagon da ya daɗe yana ciniki a cikinsa, in faɗi inda aka cika mudu da inda aka tauye. Ba zan ambaci sunansa ko na jiharmu ba, domin aikin nake dubawa, kuma ina kyautata zaton masu karatu da dama za su gane nasu wakilin a cikin bayanin.

Ofishin ɗakuna uku ne a bakin titi, da rumfar kwano a gabansa da dogayen bencina guda huɗu. Ana buɗe shi daga Litinin zuwa Alhamis, da kuma Asabar ɗin da ɗan majalisar yake zama, kuma wannan kansa abin yabo ne, domin na san mazaɓu maƙwabta inda allon ofishin kawai ya rage, ƙofar kuwa tun bayan rantsuwa ba a sake cire mata kwaɗo ba. Da shigarka za ka tarar da wani dattijo a bayan tebur da babban littafin rajista, ya tambaye ka sunanka da gundumarka da abin da ke tafe da kai, ya rubuta da hannunsa, sannan ya ba ka lamba a guntun kwali. Ranar farko da na je, ina jin yadda ya tarbi wata tsohuwa da ta zo da takardar asibiti a naɗe cikin gefen zanenta. Ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya ce, "Zauna nan, Iya, kawo takardar in gani, in Allah ya yarda ba za ki koma haka ba." Kafin azahar an kira kantin magani a waya, an biya kuɗin, an sa wani yaro ya raka ta a babur mai ƙafa uku. Ban ga an tambaye ta jam'iyyar da ta zaɓa ba, kuma a duk zuwan da na yi ban taɓa jin an yi wa kowa wannan tambaya ba.

A wannan fanni na taimakon kai tsaye ofishin ya cancanci maki mai yawa. Ana biya wa ɗalibai kuɗin rajistar jarrabawar JAMB da ta NECO, ana rubuta wa masu neman aiki ko gurbin karatu takardar shaida, ana gyara rijiyoyin burtsatse idan famfonsu ya lalace, ana kai gudummawa gidan rasuwa da gidan gobara. Ma'aikatan suna da ladabi, kuma ba su taɓa neman na goro a hannuna ba. Aibin da na gani shi ne jira. Shi Honarabul ɗin ba ya zama sai ranar Asabar ɗaya ko biyu a wata, kuma ranar da zai zo rumfar kan cika tun da hantsi, har mutum ya kai la'asar bai samu ganinsa ba, alhali wasu masu manyan riguna suna shiga ta ƙofar baya ba tare da guntun kwali ba.

Abin da ya kai ni can ba buƙatar kaina ba ce. Magudanar ruwan da ta ratsa unguwarmu ta toshe, kwalbatin da ke bakin kasuwa ya rufta, duk damina ruwa yana shiga gidaje yana kayar da katangun ƙasa. Mun rubuta takarda da sa hannun mai unguwa da limamai, na kai da kaina. Da na samu ganinsa ya karanta ta har ƙarshe, abin da ba kowane babba yake yi ba, ya ce, "Malam, wannan aiki ya fi ƙarfin aljihuna, sai dai mu kai shi zaure mu nemi a sa shi a kasafi." Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka zo nema ke nan." Ya cika alkawari ta fuska ɗaya, domin ya gabatar da ƙudiri, majalisa ta amince, har muka ji sunan unguwarmu a labaran rediyo. Sai dai a nan ne na koyi darasin da nake ganin ya kamata ofishin ya koya mana tun farko: ƙudirin da majalisa ta amince da shi kira ne ga ɓangaren zartarwa, ba doka ba ce, kuma babu abin da zai tilasta wa ma'aikatar ayyuka ta kawo ko buhun siminti ɗaya saboda shi. Aikin bai shiga kasafin shekarar da ta biyo baya ba, ya shiga na bayanta, aka gina kwalbatin, magudanar kuwa har yau rabinta aka yi. A tsawon wannan lokaci babu wanda ya kira mu daga ofishin ya ce ga inda aka kwana. Duk abin da na sani, da ƙafata na je na tono shi.

Wannan ya kai ni ga ɓangaren da nake ganin ofishin ya fi rauni, wato ainihin aikin da aka zaɓi mutumin dominsa. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mambobi 24 ba kuma ba za ta wuce 40 ba, ya kuma wajabta mata zama na aƙalla kwanaki 181 a shekara. Ita ke amincewa da kasafin kuɗin jiha, ita ke tantance kwamishinoni, kuma sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar yadda ma'aikatu suke kashe kuɗin da ta ware musu. Idan gwamna ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin doka cikin kwanaki 30, kashi biyu cikin uku na mambobi suna iya mayar da shi doka ba tare da shi ba. Wanda yake shakkar ƙarfin majalisar jiha ya tuna da Kano, inda dokar 2019 ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, sannan wata dokar ta soke ta a watan Mayun 2024. Kujera ce mai nauyi, amma idan ka shiga ofishin wakilinmu ba za ka ga alamar wannan nauyi ba. Bangon cike yake da hotunan rabon keken ɗinki da injin markaɗe, babu ko takarda ɗaya da ta lissafa ƙudurorin dokar da ya gabatar, ko kwamitocin da yake ciki, ko matsayin da ya ɗauka a kan kasafi. Na tambayi dattijon nan mai rajista ko akwai kwafin wani ƙudurin doka da na ji an ce Honarabul ya kai kan kula da makarantun firamare, ya yi murmushi ya ce, "Ai Malam, kai ne mutum na farko da ya taɓa tambayar wannan." Ya yi ƙoƙari, ya buga waya, amma bayan mako uku abin da na samu shi ne shafi biyu da Turanci, ba tare da bayanin ko ƙudurin ya wuce karatu na biyu ba. Abin takaicin shi ne sashe na 97 na kundin ya yarje wa majalisar jiha ta gudanar da harkokinta da harshen mutanen jihar baya ga Turanci idan ta amince da haka, don haka fassara shafi biyu zuwa Hausa a manna a bango ba wani abu ba ne da ya gagari ofis mai ma'aikata biyar. Sau biyu kuma aka yi zaman sauraron ra'ayin jama'a kan dokokin da suka shafe mu kai tsaye, ciki har da na harajin 'yan kasuwa, amma sai bayan an gama muka ji.

Gidauniyar tazarcensa kuwa an yi ta ne a farkon 2023, a daidai lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mutane suna kwana a layin banki. An kama babban ɗakin taro, an ci shinkafa da kaza, an sha zoɓo da kunun aya, kuma ta fuskar tsari ban ga abin kushewa ba, domin an fara a kan lokaci, an ware wa mata wurinsu, an tashi kafin magariba. Sanƙira yana riƙe da lasifika yana shelanta alkawura, maroƙa suna kambama duk wanda ya ambaci miliyan, mu masu dubbai kuma ana haɗa mu a jimla ɗaya a ce Allah ya saka. Saboda rashin tsabar kuɗi, an rubuta lambar asusun banki a kan babban ƙyalle a bayan manyan baƙi. Ƙungiyarmu ta yanke shawarar ba da naira dubu 50, kuma da na zo turawa ta waya sai na ga sunan da ya fito ba na jam'iyya ba ne, ba na kwamitin yaƙin neman zaɓe ba ne, sunan wani mutum ne shi kaɗai. Na tura, domin an riga an shelanta sunanmu, amma da na nemi rasit sai wani matashi mai hular jam'iyya ya ce, "Alhaji, ai saƙon da banki ya turo maka shi ne rasit." Ni kuwa kuɗin jama'a na fitar, kuma sai na yi wa mambobinmu bayani a taron wata.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi wannan zaɓe a ƙarƙashinta, ta ƙayyade cewa ɗan takarar majalisar jiha ba zai kashe fiye da naira miliyan 30 ba, bayan dokar 2010 ta tsaya a miliyan 10. Amma dokar ta 2022 ta yarda mutum ɗaya ya ba ɗan takara har miliyan 50, wato attajiri guda yana iya ɗaukar nauyin takarar gaba ɗaya har da rara. Tarar wanda ya ƙetare iyaka a wannan doka kuwa kashi ɗaya cikin ɗari ce ta adadin da aka ƙayyade, wato naira dubu 300 a wannan kujera, ko ɗaurin da bai wuce wata 12 ba, ko duka biyun. Nauyin ajiye sunayen masu bayarwa da miƙa wa hukumar INEC lissafin abin da aka kashe an ɗora shi ne a kan jam'iyya, don haka ɗan takara yana iya karɓa ya kashe ba tare da mai bayarwa ya taɓa ganin takarda ba. Ba na musun cewa takara tana cin kuɗi. Fom kaɗai a 2022 naira miliyan 2 ne a APC, dubu 600 a PDP, kafin a zo ga daliget a zaɓen fidda gwani, da fastoci, da man motoci, da sallamar wakilan rumfunan zaɓe. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, alkawuran da aka shelanta a ɗakin nan, idan da an cika su duka, sun haura abin da doka ta yarda a kashe, kuma har yau ba a fito an ce ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita ba.

Akwai wani abu da na lura da shi a teburin manyan baƙi wanda ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Mafi yawan masu ambaton miliyoyi 'yan kwangila ne, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda daga baya na ga motocinsa a wajen aikin magudanarmu da aka bari rabi. Ba na cewa an yi ciniki, domin ban ga an yi ba. Amma wakilin da aikinsa ne ya kira ɗan kwangila gaban kwamiti ya tambaye shi dalilin barin aiki, zai ji nauyin yin hakan idan mutumin ne ya cika masa asusu, kuma Hausawa sun riga sun ce bakin da ya ci shi ke godiya. A nan kuma dole in haɗa da kanmu, domin kuɗin maganin da aka biya wa tsohuwar nan, da kuɗin jarrabawa, da gudummawar biki da suna da muke ɗorawa a kan mutum ɗaya kullum, ba daga sama suke faɗowa ba. Rumfar da ke cika ranar Asabar ita ce take tura shi teburin 'yan kwangila.

Idan za a ce in ba da maki, zan ba tarbar jama'a da taimakon gaggawa huɗu cikin biyar, in ba bibiyar koke biyu, in ba sanar da mu aikin majalisa ɗaya, lissafin gidauniya kuwa ban ga abin da zan ɗora maki a kansa ba. Wanda yake da buƙata ya je, zai samu mutunci, amma ya tafi da kokensa a rubuce, ya riƙe kwafi, ya sa a buga masa hatimi da kwanan wata, ya kuma zo tun kafin ƙarfe tara idan ranar zaman Honarabul ce. Idan koken na aikin gwamnati ne, ya kai shi watanni kafin gwamna ya gabatar da kasafi, wanda galibi a ƙarshen shekara ake yi, kuma kada ya wadatu da jin sunan unguwarsu a rediyo.

Makon jiya ɗan kwamitin gidauniyar ya zo har gida da katin gayyata. Na karɓa da hannu biyu, na ba shi ruwa, sannan na shaida masa matsayin da ƙungiyarmu ta cimma: za mu bayar kamar yadda muka bayar a baya, idan asusun yana ɗauke da sunan kwamiti, idan za a ba mu rasit mai lamba, kuma idan za a manna jerin ƙudurorin da Honarabul ya gabatar tun 2019 a bangon ofis da Hausa. Ya rubuta sharuɗɗan uku a bayan katin, ya ce zai kai, ya kuma yi alkawarin dawowa da amsa kafin taronmu na ƙarshen wata.